Kito, azumin awa 16 ko ƙirga kalori: dan Allah wanne ne ke rage ƙiba da gaske?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema kuma abin ya dameni sosai shiyasa na kawo shi nan. Shekarata 38, tsawona mita 1.62, jiya na hau sikeli naga kilo 104. Likita ya lissafa min abinda suke cewa BMI, wato awon nauyi idan an gwada shi da tsawo, yace nawa 39 ne da ɗoriya, wai daga 30 zuwa sama ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin cuta. Jinina ya fara hawa, gwiwata ta hagu kuwa in zan tashi daga zaune sai na dafa wani abu. Yace in yi ƙoƙari in sauke ko kilo 8 zuwa 10 ne amma bai samu lokacin zama ya faɗa min yadda zanyi ba saboda mutane sunyi yawa a layi. Na shiga intanet sai na ƙara rikicewa, wannan yace bar sitaci gaba ɗaya ki ci nama da ƙwai, wancan yace a'a mai shine matsalar, wata tace ki daina karyawa da safe ki riƙa ci cikin awa 8 kawai, wani kuma yace duk shirme ne ki riƙa auna abinci kina ƙirga kalori. Kito, wato tsarin yanke sitacin nan, na gwada har sau biyu, na farko na sauke kilo 7 cikin sati shida sannan ya dawo min da ƙarin 3. Wanda ya sani da gaske ya taimaka min, wanne ne yafi?

Ɗan Kito:
Wa alaikumus salam Anti. Ni dai gani ya kori ji, kilo 118 nake a da yanzu ina 99, wata goma sha ɗaya kenan ban sa shinkafa ko burodi ko suga a bakina ba. Matsalar ba kito bace, dainawa kikayi. Sitaci ne ke tada insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, insulin kuma shi ke kulle kitse a jiki ya hana shi ƙonewa, in kin yanke sitaci ya koma ƙasa da giram 50 a rana jiki zai juya ya fara cin kitsensa da kansa. Kuma abinda yafi burgeni ba na jin yunwa wlh, ƙwai uku da ganye da safe sai in kai yamma ban tuna da abinci ba. Ki koma kawai ki daure.

Ƴar Auta:
Anti ni azumin awa 16 nake, daga ƙarfe 8 na dare ba na ƙara cin komai sai 12 na rana, ruwa kawai da shayi ba suga. Ba na auna komai ba na haramtawa kaina komai, kilo 6 na sauke a wata huɗu. Yafi sauƙi nesa ba kusa ba

Malamar Abinci:
Maman Biyu sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Aikina kenan, ina zama da masu ƙiba da masu ciwon suga kan tsarin cin abinci, to bari in faɗa miki abinda aka gano da aka gwada waɗannan tsare-tsaren kafaɗa da kafaɗa, don labarin mutum ɗaya ba ya isa a yanke hukunci.

A 2018 wani malami a Jami'ar Stanford ta Amurka, Christopher Gardner, shi da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon gwajin da sukayi da mutum 609 masu nauyi fiye da kima. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi su rage mai, rabi su rage sitaci, duka kuma aka ce musu su yawaita ganye su rage suga da fulawa da abincin kamfani. Bayan wata 12 masu rage mai sun sauke kilo 5.3 a matsakaici, masu rage sitaci kilo 6. Bambancin bai kai kilo ɗaya ba, masu binciken ma sunce bai isa a ce wani ya fi wani ba. Amma ga inda nafi so ki duba: a cikin kowane rukuni akwai wanda ya sauke kusan kilo 30, akwai kuma wanda ya ƙara kusan 10. Tsari ɗaya, shawara ɗaya, malamai ɗaya. Kinga tazarar dake tsakanin mutum da mutum ta ninka tazarar dake tsakanin tsari da tsari sau da yawa.

Kafin wannan, a 2009, Frank Sacks na Harvard ya fitar da sakamakon wani da ya jagoranta da mutum 811 har shekara biyu, tsari huɗu daban-daban na mai da furotin da sitaci. A wata shida kowane rukuni ya sauke kamar kilo 6, bayan wata 12 nauyi ya fara dawowa a hankali, a ƙarshen shekara biyu waɗanda suka kai ƙarshe sun tsira da kamar kilo 4. Abinda ya raba su shine zuwa zaman da ake musu na shawara, wanda yafi halarta yafi saukewa, ko wane tsari aka ɗora shi.

Ɗan Kito:
Malama da girmamawa amma kin zaɓo waɗanda suka dace da maganarki ne. Shi wannan Gardner ɗin ai a 2007 ya fitar da wani da yayi da mata 311, masu tsarin Atkins na yanke sitaci su suka zo na ɗaya, kilo 4.7 a shekara, sauran tsare-tsaren uku babu wanda ya kai 3. Sannan wanda akayi a Isra'ila aka buga a 2008, mutum 322 shekara biyu, masu rage mai kilo 2.9 kawai, masu rage sitaci 4.7. Wannan fa?

Malamar Abinci:
Ɗan uwa duk gaskiya ne, alƙaluman da ka kawo haka suke kuma naji daɗi ka karanta. A na Isra'ilan akwai rukuni na uku da baka ambata ba, masu cin abinci irin na mutanen gaɓar Bahar Rum, wato ganye da wake da kifi da man zaitun, sun sauke 4.4, kusan kunnen doki da rage sitaci alhali ba a hana su sitaci ba. Ban ce rage sitaci ba ya aiki ba, yana yi, sau da yawa ma a wata shidan farko shi ke gaba, kuma yana sauke sugan jini da wani nau'in kitsen jini da kyau. Abinda nake cewa in aka kai shekara ɗaya zuwa biyu ratar na raguwa ta koma kilo ɗaya ko biyu, mutumin da ke ɗauke da kilo 104 kuma ba kilo biyu ne zai sa ya zaɓi tsarin da zai wahalar dashi har ya jefar ba.

Maganar insulin kuma, a wancan gwajin na 2018 sun auna yawan insulin da jikin kowa ke fitarwa tun kafin a fara, da fatan waɗanda nasu ke da yawa su zasu fi amfana da rage sitaci. Bai fito haka ba. Sun duba ƙwayoyin gado ma, shima bai nuna wa zai dace da wane tsari ba.

Maman Biyu:
To Malama meyasa da na fara kito sati na farko kawai na sauke kusan kilo 3? Abinda ya sa na yarda dashi kenan

Malamar Abinci:
Yawancinsa ruwa ne 'yar uwa. Jiki na ajiye suga a hanta da tsoka don ko ta kwana, kowane giram ɗaya kuma yana riƙe da ruwa kamar giram uku. Kina yanke sitaci sai ajiyar ta ƙare ruwan ya bi fitsari, shiyasa zakiga kina yawan zuwa bayi kwanakin farko ga ciwon kai da kasala. Ranar da kika koma cin shinkafa ruwan zai dawo cikin kwana biyu uku sai kiga kamar duk wahalarki ta tashi a banza, alhali kitsen da kika ƙona yana nan a ƙone, ruwa ne ya dawo. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700, to babu yadda za ayi ki ƙona kilo uku na kitse a sati ɗaya.

Mai Lissafi:
Yauwa an zo wajen. Ni tun ɗazu nake jira. Duk waɗannan sunayen, kito ne, azumi ne, Bahar Rum ne, ƙofofi ne daban-daban na shiga ɗaki ɗaya: ka ci ƙasa da abinda jikinka ke ƙonawa. Mai kito ya bar burodi da lemon kwalba da biskit da kek, to me ya rage da zai yi ta ɗauka yana jefawa a baki? Mai azumi ya yanke cin dare. Dukansu kalori suka rage ba tare da sun ƙirga ba. Ni na sayi ƙaramin sikelin kicin na sa manhaja a waya, wata uku ina rubuta duk abinda na ci, abinda na gani ya girgiza ni. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori 120 ne, kowane irin mai har na zaitun, ni kuma da ido nake tuttulawa a tukunya. Gwangwani ɗaya na lemo wajen 140, ina shan uku a rana. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci ko furotin 4. Da na gane haka lemon kawai na bari na rage man girki, kilo 9 suka tafi ban bar shinkafa ba ko rana ɗaya.

Hajiya Babba:
Ɗana ba kowa ne zai iya wannan aune-aunen ba. Ni ina girka wa mutum tara a tukunya ɗaya, ta yaya zan san man da ya shiga farantina? Na gwada sati biyu naga na fara tsoron abinci, ko ayaba zan ci sai gabana ya faɗi ina tunanin lamba. Na ajiye.

Mai Lissafi:
Haka ne Hajiya, ba sai har abada ba, ko sati biyun ma ya isa mutum ya buɗe ido. Domin mu masu jiki muna yawan cewa wlh ba na cin komai, kuma ba ƙarya muke ba, mantuwa ce da rashin sanin yawa. An taɓa gwadawa a Amurka a 1992 da mutanen da suka rantse suna cin kaɗan amma basa ramewa, da aka auna da na'ura sai aka ga abinda suke faɗa ya gaza abinda suke ci da kusan rabi. Ɗanɗanon miya a kicin, ragowar yara, abin taɓawa gaban talabijin, duk basa shiga lissafi.

Ƴar Auta:
Babu wanda yace komai akan nawa 😢 Malama azumin fa?

Malamar Abinci:
Ƙanwata naki ma haka yake, yana aiki ga wanda ya karɓe shi amma babu wani sirri a cikin agogon. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an gwada da mutum 139 masu ƙiba har shekara guda, aka buga a 2022. Duka an rage musu kalori daidai wa daida, sai dai rabi an ce su ci tsakanin 8 na safe da 4 na yamma kawai, rabi su ci duk lokacin da suka ga dama. Masu agogo sun sauke kilo 8, sauran 6.3, kuma bambancin bai kai wanda za a tabbatar ba na sa'a bane. Shi kuwa na yini ɗaya a ci yini ɗaya a kusan ƙaurace wa abinci, da aka gwada a Chicago da mutum 100 sakamakon ya zo kusan ɗaya da rage kalori kullum, sai dai masu gudu daga gwajin sun fi yawa a ɓangaren azumin, kashi 38 cikin ɗari, ɗaya ɓangaren 29. To in matsalarki ciye-ciyen dare ne, rufe kicin ƙarfe 8 zai miki magani sosai, cigaba abinki. In kuma ke mai rama ci ce, da 12 tayi ki cinye na safe da na rana a zama ɗaya, ba inda zaki je.

Kawu Mai Suga:
Ku dakata yara, akwai abinda ban ji an faɗa ba kuma shine ya kusa kai ni lahira. Shekarata 14 da ciwon suga ina shan glibenclamide. Bara wani abokina ya zuga ni na fara azumin awa 16 ban faɗa wa likita ba, maganin kuma ina sha kamar kullum. Rana ta huɗu wajen 11 na safe gumi ya keto min, hannuna na rawa, ban san inda kaina yake ba sai farkawa nayi naga iyali a kaina suna ɗura min ruwan suga. Sugana ne ya faɗi ƙasa warwas. Duk mai allurar insulin ko irin wannan ƙwayar kar ya kuskura ya yanke sitaci ko ya tsallake abinci sai likita ya gyara masa yawan maganin tukuna. Maman Biyu kince jininki na hawa, an auna miki suga kuwa?

Maman Biyu:
Subhanallah, Allah ya kiyaye gaba Kawu. An auna yace yana bakin iyaka, bai zama ciwon ba tukuna amma saura ƙiris. Maganin hawan jini kawai nake sha

Anti Nas:
Kawu ya faɗi gaskiya, a wajen aiki muna ganin irin haka. In ƙara da cewa akwai sabbin magungunan suga masu fitar da shi ta fitsari irin su empagliflozin, haɗa su da kito na iya jawo jini ya yi tsami sosai har a kwantar da mutum, kuma abin tsoron sugan na iya nuna lafiya lau a na'ura. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon ƙoda, da wanda ya taɓa fama da lalurar ƙin cin abinci ko ci da amayarwa, duk kar su shiga tsari mai tsanani da kansu. Ramewa da sauri sosai kuma na kawo tsakuwa a matsarmama. Ke kuma Maman Biyu ki riƙa auna jininki, nauyi na sauka jini na sauka, in kika fara jin jiri in kin miƙe to maganin ne ya fara miki yawa ki koma a duba.

Amma ga labari mai daɗi tunda naki sugan bakin iyaka yake. A wani babban gwaji na Amurka da aka fitar a 2002, mutum sama da 3,000 masu irin halinki, waɗanda aka sa su sauke kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu da tafiyar minti 150 a sati, kamuwa da ciwon suga ta ragu musu da kashi 58 cikin ɗari, masu shan maganin suga metformin kuma kashi 31. Kashi 7 na 104 nawa ne? Kilo 7 da ɗan wani abu. Kinga ba sai kin koma kilo 60 ba kafin jikinki ya fara gode miki.

Shayin Sirri:
Salam mata da maza masu fama da tumbi akwai shayi na musamman kilo 10 cikin kwana 14 ba motsa jiki ba barin abinci, a tuntuɓe ni ta inbos

Admin:
An goge lambar, wannan gargaɗi na ƙarshe ne. Ba a talla a nan.

Anti Nas:
Na gode Admin. Yawancin irin shayin nan maganin gudawa ne da na sa fitsari a ciki, ruwan jiki suke kwashewa da gishirin da zuciya ke buƙata, kitse ko gezau. Mai shan maganin hawan jini ma yafi kowa shiga haɗari da su.

Hajiya Babba:
Ni dai bari in faɗi abinda ke raina tunda an taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ɗan Kito kace mata dainawa tayi, ta daure. Ɗana wata goma sha ɗaya kayi, Allah ya ƙara maka ƙarfi, amma ni shekara 22 nake wannan yaƙin. Na sauke kilo 20 sau uku a rayuwata, sau uku yana dawowa. Ba rashin haƙuri bane, matar da ta yi wata takwas tana kallon iyalinta na cin abinda ta girka da hannunta ita tana tauna kabeji ba za a ce mata bata da juriya ba. Abinda ke faruwa bayan wata shida bakwai wata irin yunwa ce ke tasowa wadda ban san ta ba a da, ina kwance da dare cikina na kira kamar an yashe shi, ina sallah tunanin abinci na zuwa min. Ranar da ka karya kuma sai kunya ta rufe ka, ka daina hawa sikeli, ka daina zuwa asibiti don kar a maka faɗa, mutane kuma suna ta faɗin ai ta koma gidan jiya. Wannan kalmar ta ki daure ita ta sa mata da yawa kuka a ɓoye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan Kito:
Hajiya kiyi haƙuri dan Allah, wlh ban faɗa da nufin raini ba. Anti Maman Biyu ke ma ki yafe min. Gaskiya nima watan nan na fara jin abin na min nauyi musamman in an zauna ci da mutane ni kaɗai na ware

Malamar Abinci:
Hajiya abinda kika kwatanta an auna shi a jini, ba tunaninki bane. A Melbourne ta Ostareliya an bi mutum 50 da aka sa su tsarin rage nauyi mai tsanani na sati goma, aka buga a 2011. Bayan sun rame sinadarin da ke tada yunwa, girelin, ya hau, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya a jiki, leftin, ya sauka. Da aka sake aunawa bayan shekara guda cur abin bai koma daidai ba, suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Ga shi kuma jikin da ya ragu yana ƙona kalori ƙasa da na da. Wato jiki na ɗaukar ramewa kamar fari ne ya zo, yana ja da baya da duk ƙarfinsa. Shiyasa nake jin zafi in naji ana cewa mai ƙiba malalaci ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da ƙiba, sama da biliyan ɗaya kenan, adadin manya ya ninka fiye da biyu tun 1990. Mutane basu tashi rana ɗaya sun zama ragwaye ba, abincin da ke kewaye damu ne ya canza.

Akwai wani ƙaramin gwaji da nake yawan ba masu zuwa wajena labari. Kevin Hall a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya kwantar da mutum 20 wata guda, aka buga a 2019, sati biyu ana basu abincin kamfani da aka sarrafa sosai, sati biyu abincin da aka girka daga kayan asali, an daidaita suga da mai da gishirin da aka ajiye musu, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. A sati biyun abincin kamfani sun riƙa cin ƙarin kalori wajen 500 kullum ba tare da sun sani ba, suka ƙara kusan kilo ɗaya, a ɗaya satin biyun suka sauke kusan kilo ɗaya. Babu wanda yace musu su rage ci. Ku lura duk tsare-tsaren da muke gardama akai, kito da rage mai da Bahar Rum, a nan suka haɗu, dukansu suna raba mutum da lemon kwalba da kayan fakiti da soye-soyen kanti.

Kawu Mai Suga:
Malama naji ance a Ingila akwai wanda ake ba mutum miya da madara kawai har suga ya warke, gaskiya ne?

Malamar Abinci:
Akwai Kawu, Roy Taylor na Newcastle da Mike Lean na Glasgow ne suka jagoranta, sakamakon farko ya fito ƙarshen 2017. Ana ɗauke mutum daga abinci gaba ɗaya a bashi wani haɗi na sha mai kalori 825 zuwa 853 a rana wata uku zuwa biyar, sannan a dawo da abinci a hankali. Bayan shekara kashi 46 cikin ɗari sugansu ya koma daidai ba magani, cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye kuwa kashi 86. A shekara ta biyu ya koma kashi 36 saboda nauyi ya dawo wa wasu, shiyasa ba a cewa warkewa sai dai lafawa. Amma Kawu waɗanda aka ɗauka ciwonsu bai wuce shekara shida ba kuma basa allurar insulin, ana kuma tsayar musu da magunguna ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya daga ranar farko. Kai da ke da shekara 14 kuma ka taɓa faɗuwa, kar ka gwada a gida dan Allah.

Mai Lissafi:
Allurar nan ta sati-sati fa da ake ta magana? Naga kamar ta gama da duk wannan gardamar

Anti Nas:
Semaglutide. Tana aiki ba wasa, a gwajin 2021 na mutum 1,961 masu allurar sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a sati 68, waɗanda aka yi wa ta bogi kashi 2.4. Yunwar nan da Hajiya ta kwatanta ita take kashewa. Sai dai da aka bi waɗanda suka daina, cikin shekara guda kashi biyu bisa uku na abinda suka sauke ya dawo. Tana sa tashin zuciya da amai ga wasu, ga jabu sun cika kasuwa, kuma ko a gwajin ma tare da gyaran abinci da motsa jiki aka bada ita. Mai BMI 39 da hawan jini ta cancanci ta tambayi likitanta akai, har tiyatar rage ciki ma ana duba wa masu irin wannan awon, ba abin kunya bane. A hannun likita dai, ba a hannun masu talla ba.

Maman Biyu:
Wlh na karanta komai har sau biyu, Hajiya maganarki ta sa ni hawaye don kamar ni kike faɗa. Na zauna na tambayi kaina me ya kayar dani a kito, sai naga abu biyu ne, girki biyu kullum nawa daban na gida daban, da kuma cikina da ke ɗaurewa kwana uku ban zaga ba. Azumin safe kuma ba zan iya ba don maganina da safe nake sha kuma in ban karya ba kaina ke ciwo. Inda nake faɗuwa da gaske bayan yara sunyi barci ne, shayi mai suga da burodi da duk abinda ya rage a tukunya, ga lemo biyu a rana. Malama in na bar lemon, na rufe kicin bayan abincin dare, na raba shinkafata biyu na cike gurbin da ganye da wake ko kifi, ya isa a fara dashi ko yayi kaɗan?

Malamar Abinci:
Ya isa sosai, lemo biyun kaɗai kusan kalori 280 ne a rana. Ki riƙa auna man girki da cokali maimakon tuttulawa, wannan duk gidan zai amfana kuma tukunya ɗaya ce. Ki tabbata akwai furotin a kowane ci, ƙwai ko wake ko kifi ko nama marar kitse, yana riƙe ciki kuma yana kare tsoka don in ana ramewa ba kitse kaɗai ke tafiya ba. Rabin kilo a sati shine abinda zaki sa rai, wani satin ma sikeli ba zai motsa ba musamman kusa da al'ada saboda ruwa, kar ki karaya. Ki hau sau ɗaya a sati da safe, ki kuma auna ƙugunki da tef, burin shine a hankali ya dawo ƙasa da rabin tsawonki. Barci ma ki kula dashi, wanda baya samun isasshe yunwarsa tafi yawa washegari, kuma in kin kwanta da wuri an rufe ƙofar shayin daren.

Hajiya Babba:
Ƴata ki ƙara da wannan daga wadda ta faɗi sau uku: ki samu wanda zaki riƙa gaya wa awonki duk sati, na daɗi da marar daɗi. Duk dawowar da nauyina yayi a lokacin da na ɓuya ne. In kina so ni da ke mu riƙa turo namu nan duk Asabar, nima zan sake farawa, kilo 111 nake yau.

Ɗan Kito:
Ku sa dani. Ni zan cigaba da nawa amma inaga zan dawo da wake da 'ya'yan itace kaɗan in gani, kuma zanje a auna min kolestarol don tunda na fara ban duba ba

Anti Nas:
Ka je kam, wasu masu kito nasu marar kyan yana hawa sosai musamman in man shanu da kitsen nama sukafi yawa a ciki, a duba maka ƙoda ma a lokaci ɗaya.

Maman Biyu:
Na yarda Hajiya, Asabar in sha Allah. Saura gwiwar, Anti Nas tafiyar minti 150 ɗin nan zan iya rarraba ta minti goma goma? Don in na wuce kwata ina tafiya sai ta fara min zafi

Anti Nas:
Rarraba abinki, goma bayan kowane cin abinci ma yafi taimakawa sugan. Ki sa takalmi mai taushi ki bi wuri mai laushi ba tudu ba. In ta kumbura ko tayi zafi da dare ki tsaya ki nuna ta a asibiti kafin ki cigaba.